Fitilar da Aka Ƙirƙira Don Hayaƙin Kalifoniya, Take Ci a Ɗambatta

Ranar Lahadi, 2 ga Afrilu, 1972, direbobin Nijeriya suka wayi gari da sabuwar doka: daga ranar mota za ta riƙa bin hannun dama, a bar hagun da Turawan Ingila suka bari. Dalilin gwamnatin Janar Yakubu Gowon a fili yake. Duk maƙwabtan ƙasar, Nijar da Dahomey da Chadi da Kamaru, hannun dama suke bi irin na Faransa, kuma ba dabara ba ce direban da ya taso daga Kano zai tafi Damagaram ya riƙa sauya hannu a Kwangwalam. Aka yi ta shela a rediyo, aka sake alamomin titi, mutane suka saba.

Abin da ba a hango ba a lokacin shi ne, wannan sauyi ya zaɓa wa ƙasar kasuwar da za ta riƙa sayo tsofaffin motoci bayan shekara ashirin. Ƙasar da ke bin hannun dama, mota mai sitiyari a hagu take bukata. Shi ya sa da Kenya da Uganda da Tanzaniya suka zama masaukin motocin da Japanawa suka gama hawa, Nijeriya sai ta fuskanci Turai, daga baya kuma Amurka. Amurka kuwa ƙasar giyar otomatik ce. Cikin kowace sabuwar mota goma da ake sayarwa a can, fiye da tara ba su da kuloci a ƙafa. Daga nan aka ƙulla zaren da ya kawo abin da ake gani yau a garejojin bakin titin Ɗambatta: fitila ruwan ɗorawa tana ci a dashbod, giya tana fizga, mai mota da bakanike suna tsaye kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara magana.

Zamanin kunne

Ɗambatta na kan titin da ya bar Kano ta Dawanau ya nufi Kazaure da Daura har iyakar Nijar. Ƙasar manoma ce, gona na manne da gona, ƙauye na hango ƙauye, kasuwarta ta ranar Lahadi kuma na tara dabbobi da hatsi daga nesa. Gari irin wannan ba ya rabuwa da mota, ba ya kuma rabuwa da masu gyaranta.

Kanikawan da suka yaye mafi yawan masu gareji na yau, a kan Peugeot suka koyi aiki. A 1975 aka buɗe masana'antar haɗa motocin kamfanin a Kakuri da ke Kaduna, aka yi ta haɗa samfurin 504 a can har 2006, shekaru da yawa bayan Faransa ta daina. Gwamnati ta mai da ita motar ofis, 'yan tasha suka mai da wagon ɗinta motar haya, manoma da 'yan kasuwa suka riƙe a-kori-kura. Akwai Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, da manyan motocin Fiat a Kano, amma a kan titin Daura, Fijo ce sarauniya.

Fijo mota ce da ba ta ɓoye ciwonta. Kafireto ne ke ba ta mai, kuloci ne ke haɗa inji da giya, hannun direba ne ke zaɓar giyar. In kuloci ya cinye, hanci ma ya isa ya faɗa. In fulogi ya yi baƙi, an san mai ya yi yawa. Tsohon bakanike kan ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya kanga ƙotar a kunnensa, ya faɗi inda ƙarar take fitowa, kuma sau da yawa yakan dace. Batir ya mutu, sai a kira yara su tura, direba ya saki kuloci a giya ta biyu, mota ta kama. Yaron da uba ya kawo ya damƙa wa maigidan gareji yakan fara da wanke ƙarafa a fetur da miƙa sifana, ya shekara biyar ko shida yana kallo yana saurare, har ranar da za a yaye shi. Wannan ilimi ne na gaske, kuma ya riƙe tattalin arzikin yankin tsawon shekaru.

Sai dai ya bar wata al'ada da har yau ake biyan kuɗinta. Tun da gano ciwon Fijo ba ya wuce 'yan mintoci, ba a taɓa sa masa farashi ba. Ana biyan kuɗin kaya, a biya kuɗin aiki. Tunanin da ya gano inda matsalar take kuwa kyauta ne, kamar gaisuwa.

Kwatano

A 1985 dalar Amurka ba ta kai naira ɗaya ba a farashin gwamnati. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki, aka saki naira a watan Satumba, kafin 1993 dala ta kai wajen naira 22. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai kasuwar tsofaffi ta buɗe: daga titin Heyvaert na Brussels da tashar jiragen ruwa ta Antwerp zuwa Kwatano, daga can a yi musu takardun wucewa Nijar, su haye gadar Gaya, su bi ta Dosso da Birnin Ƙonni da Maraɗi, su gangaro Nijeriya ta ƙofa ko ta daji. Abin da ya sa Bahaushe yake cewa mota 'yar Beljiyam ce ko 'yar Kwatano ke nan, ko da kuwa ba ta taɓa taka Beljiyam ba.

Rukunin farko, irin su Golf da Opel da Marsandi, galibinsu manuwal ne, don Turai ba ta rungumi otomatik da wuri ba. Kanikawa suka karɓe su ba tare da wata wahala ba. Rukuni na biyu ne ya sauya lissafi. Honda ta soma ƙera Accord a jihar Ohio tun 1982, Toyota ta soma Camry a Kentucky a 1988, don haka yawancin abin da ake kira motar Japan a Kano haifaffiyar Amurka ce. Mai son tabbatarwa ya dubi lambar jikin motarsa: in ta fara da 1 ko 4 ko 5, a Amurka aka ƙera ta; 2 Kanada ce; J ce kaɗai Japan. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta daina saya wa ma'aikata motocin ofis, ta koma ba su kuɗi a cikin albashi, abin da ya karya kasuwar Kakuri ya kuma tura dubban ma'aikata wurin dillalai. Accord ta 2003 ta samu laƙabin End of Discussion, Camry ta 2002 aka ce mata Big Daddy, ta 2007 kuma Muscle. Malamin Kwalejin Noma ta Audu Bako, da ma'aikacin asibiti, da ɗan kasuwar da ya ga riba a riɗi, duk suka koma hawan motar da ƙafar hagu ba ta da aiki a cikinta.

Tukunyar da ke tsakanin inji da giya

Abin da ya maye gurbin kuloci wata rufaffiyar tukunyar ƙarfe ce cike da mai, wadda kanikawa ke kira kwambata. Asalinta ma ba na mota ba ne. A 1905 wani injiniya Bajamushe, Hermann Föttinger, da ke aiki a masana'antar jiragen ruwa ta Vulcan a Stettin, ya yi rajistar dabarar da za ta haɗa injin tururi mai gudun tsiya da farfelar jirgi mai son juyi a hankali, ba tare da haƙoran ƙarfe ba. Misalinta shi ne a ajiye fanka biyu suna fuskantar juna, a kunna ɗaya; iskarta za ta juya ɗayar. A cikin kwambata mai ne a madadin iska. Farfelar farko na manne da inji tana watsa mai, ta biyu na manne da giya tana karɓa. Akwai ƙarama ta uku a tsakiya da ke juyo da man da ya dawo ya sake taimaka wa ta farko, kuma ita ce ke ninka ƙarfin juyi kusan sau biyu a lokacin da mota ke tashi daga tsaye.

Kamfanin General Motors ne ya fara sayar da giyar otomatik ga jama'a da yawa, mai suna Hydra-Matic, a motocin Oldsmobile na 1940, har aka sa ta a tankokin yaƙin duniya na biyu. Ita farfela biyu kawai take da su. Kwambata mai farfela ta uku ta shigo motocin hawa na Amurka a 1948, a Buick, da sunan Dynaflow. Daga nan otomatik ta mamaye ƙasar cikin ƙanƙanen lokaci.

Dabarar na da aibi guda. Tun da mai ne ke tura mai, farfela ta biyu ba ta taɓa cim ma ta farko; kullum akwai ɗan sulɓi, sulɓin nan kuma zafi yake zama, fetur yake ci. Lokacin da fetur ke araha ba wanda ya damu. Da ƙasashen Larabawa suka tsuke bakin rijiyoyinsu a 1973, Amurka kuma ta kafa dokar tsimin mai a 1975, sai kamfanoni suka koma ga wata tsohuwar dabara da Packard ya gwada tun 1949: a sa wani siririn kuloci a cikin tukunyar kanta, wanda zai kulle farfelun biyu su zama abu ɗaya idan mota ta miƙe a kan titi. Chrysler ya dawo da shi a 1978, sauran suka biyo baya. Wannan kulocin kulle shi ne tushen rabin ƙorafin da ake kaiwa gareji yau da sunan giya. Kwamfutar mota ce ke yanke shawarar lokacin da zai kama da lokacin da zai saki, tana duba gudun mota, da yadda aka taka totur, da zafin inji, sannan ta aika wuta ga wani ɗan bawul mai maganaɗisu, solonoyid, ya buɗe wa mai hanya.

Nan ma aka rasa turi. Famfon da ke ba giyar otomatik ƙarfi inji ne ke juya shi, don haka in inji bai tashi ba, ko garin duka ya taru ya tura, tayoyi kawai za su gangara. Jan irin wannan mota da igiya daga Sansan zuwa cikin gari, tayoyin da ke ja suna ƙasa, na iya ƙone giyar da lafiyarta ƙalau, don tana juyawa ba mai zagayawa.

Asalin fitilar

Ita kuwa fitilar cek-injin, ba don kare giya aka ƙirƙiro ta ba, ba ma don kare inji ba. 'Yar hayaƙi ce. A farkon shekarun 1950 wani masanin sinadarai a Kalifoniya, Arie Haagen-Smit, ya nuna cewa hazon da ke sa idon mutanen Los Angeles hawaye, hayaƙin mota ne da hasken rana ke dafawa. Jihar ta kafa hukumar kula da iska a 1967, gwamnatin tarayya ta yi dokar tsabtar iska a 1970, motocin 1975 suka fito da katalis a cikin salansa don tace hayaƙi. Daga motocin 1988 Kalifoniya ta wajabta wa kowace mota ta riƙa binciken kanta, ta kunna fitila idan wani abu da ya shafi hayaƙi ya lalace. Da yake kowane kamfani ya yi nasa salo, sai aka haɗa tsari ɗaya, OBD-II, wanda ya zama dole a duk motocin Amurka daga 1996: soket guda mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, da lambobin ciwo da kowa zai iya karantawa. Turai ta bi sahu a motocin fetur daga 2001.

Matsalar giya na kunna fitilar ne saboda giyar da ke sulɓi tana sa inji ya sha mai fiye da ƙima, hayaƙi ya ƙaru. A inda aka haife ta, fitilar na da masu tsaya mata. A Kalifoniya da jihohi da dama ba a sabunta takardun motar da fitilarta ke ci. Akwai wakilin kamfani da littafin gyara, da man da aka ƙayyade, da wasiƙar da ke zuwa har gida idan an gano aibi a wani samfuri. Jirgin ruwa ya ɗauko motar da fitilarta, duk waɗancan ya baro su a can.

Ga abin da ya biyo baya. Katalis na ɗauke da ƙarafa masu tsada, falatinam da faladiyam da rodiyam, don haka ya zama abin farauta. Kanikawan Nijeriya na kiransa indomi saboda siffar cikinsa. Mota da yawa kan rasa shi tun kafin ta kai hannun mai saye, wata kuma a gareji za a cire shi a ce yana toshe numfashin inji. Da an cire, kwamfuta za ta rubuta P0420, fitila ta kama, ba kuma za ta mutu ba. Mai mota ya tambaya, a ce masa haka suke, ba komai. Bayan wata shida idonsa ya daina ganinta. Ranar da giya za ta fara kuka, fitila ɗaya ce tak za ta kunna, ga shi kuma ta daɗe a kunne. Kukan kurciya jawabi ne, amma kurciyar da ke kuka dare da rana ba mai tsayawa ya saurare ta. Wasu dillalan ma cire ƙwan fitilar suke yi ko su liƙe ta daga ciki. Maganin wannan mai sauƙi ne: in aka murɗa makulli kafin a ta da inji, dole fitilar ta kama, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, hannu ya taɓa ta.

Rairayi, zafi da jan mai

Babban maƙiyin giyar otomatik zafi ne. An tsara manta ya yi aiki a wajen digiri 80 zuwa 90. In ya wuce haka da nisa sai ya fara ƙonewa, ya yi baƙi, robobin ciki su bushe. A arewacin Kano kuwa iskar watan Afrilu kanta na haura digiri 40. A ƙara da lodin ranar kasuwa, buhu huɗu a but da mutum shida a ciki. A ƙara da hanyoyin ƙauye, inda mota ke tafiya a hankali cikin rairayi, kwambata na ta sulɓi ba ta samu gudun da za ta kulle ba. Wanda ya kafe a yashi a hanyar Fagwalawa, ya yi ta jefa giya gaba da baya yana taka totur, cikin minti goma zai iya yi wa giyarsa ɓarnar shekara.

Man giyar yana hucewa ne a wani bututu da ke cikin lagireto. Inda aka saba zuba ruwan rijiya a lagireto, tsatsa kan huda bututun, ruwa ya haɗu da mai, ya koma kamar madarar da aka ɗiga wa jan kala. Daga nan fatun kuloci sukan saki daga ƙarfensu. Haka abin yake ga motocin da ambaliya ta ci a Amurka, kamfanin inshora ya yi gwanjonsu, aka wanke aka turo.

Akwai kuma wani gyara da aka gada daga zamanin Fijo, wato cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wai motar ƙasar sanyi ce, ba ta bukatarsu a nan. A motoci da dama, musamman Toyota, kwamfuta ba ta barin giya ta sama ta shiga ko kwambata ta kulle sai ruwan inji ya yi zafin da ake so. Motar da aka cire wa tamostat, da asubahin hunturu a kan titin Kazaure, tana iya yin tafiya mai nisa inji na ihu giya ba ta sauya ba. Mai ita zai rantse giyabos ne ya mutu, alhali wani ɗan ƙarfe ne da ke cikin kwandon shara.

Sai batun mai. Tun 1967 da General Motors ya fitar da Dexron, jan mai ɗaya ya yi shekaru yana wadatar da yawancin motoci, har mutane suka ɗauka duk jan mai ɗaya ne. Kulocin kulle ya kawo ƙarshen wannan. Santsin man dole ya yi daidai da fatar kulocin, shi ya sa Toyota ke da T-IV da WS, Honda ke da Z1 da DW-1. A zuba wanda ba nasa ba, ko jabu, sai kulle ya riƙa kamawa yana saki da sauri, mota ta riƙa karkarwa kamar tana taka tsakuwa. A wajen masu mota kuma an yi imani cewa ba a canza man giya, wai da an canza take mutuwa. Imanin na da tushe: mutane ba sa tunawa da man sai giya ta fara ciwo, a canza, ta ƙarasa mutuwar da ta riga ta fara, laifi ya hau kan sabon mai.

Abin da lamba ke faɗa da abin da ba ta faɗa

Na'urar sikanin ta yi araha tun da kamfanonin Shenzhen irin su Launch da Autel suka cika kasuwa, har akwai 'yar ƙarama da ake haɗawa da waya. Yanzu a sa wa mota kwamfuta ba sai an je Kano ba. Amma na'urar ta haifi nata ruɗanin, don an ɗauke ta kamar mai duba: a soka, ta faɗi suna, a sayo, a ɗaura.

Lambar tana da tsari. P na nufin inji da giya, 0 na nufin lamba ce ta kowa da kowa, 7 kuma na nuna sashen giya. P0700 ba ta cewa komai illa kwamfutar giya ta nemi a kunna fitila; ainihin ƙorafin na can cikin kwamfutar giyar, inda ƙaramar na'ura sau da yawa ba ta kai ba. P0715 da P0720 na magana a kan sensocin da ke auna gudun shiga da na fita. P0740 ta shafi wutar kulocin kulle, P0741 kuma na cewa an umarce shi ya kulle bai kulle ba. Wannan ta ƙarshe ita ce aka fi zalunta. Tana iya fitowa saboda mai ya yi ƙasa, ko ya ƙone, ko solonoyid ya toshe, ko wani bawul ya cinye, ko ɓera ya gwigwiyi waya a motar da ke kwana kusa da rumbu, ko kuma kwambatar ce da gaske. Dalili ɗaya ko biyu ne kawai cikin waɗannan ke bukatar a sauke giyabos.

Bakaniken da ya san aikinsa ba ya goge lamba kafin ya rubuta ta, don tare da ita kwamfuta na ajiye hoton lokacin da abin ya faru: gudun mota, zafin inji, juyin inji. Cire kan batir don fitila ta mutu, share shaida ne. Yakan fara da mai, yawansa da launinsa da warinsa. Sannan ya hau titi da na'urar a hannun wani, ya dubi juyin inji da juyin farfela ta biyu. In an kulle, bambancinsu ya kamata ya kusa sifili. In kwamfuta ta ce ta kulle amma bambancin na nan da yawa, to an kama ɓarawon. Karkarwar da ke zuwa tsakanin kilomita 60 da 80 a awa, ƙafa na kan totur a hankali, ta kan ɗauke in aka ɗan taɓa birki, don birki na sakin kulle. Amma ko nan akwai tarko. Fulogi ko kwayil mai rauni na ba da irin wannan karkarwar daidai a wannan gudun, saboda da zarar an kulle, duk tuntuɓen inji kai tsaye yake isa tayoyi. An sha sauke giyabos mai lafiya saboda fulogi huɗu, an bar jaki ana dukan taiki. Motar da ke mutuwa duk sanda aka tsaya kamar ta ɗan koyo, wataƙila kulle ne ya ƙi saki. Wadda ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi sauyawa kuwa, sau da yawa kwamfuta ce ta tsare ta da gangan don ta lallaɓa ta kai gida, kuma sensa ɗaya na iya jawo haka. A nan ne kunnen tsohon bakanike da allon yaro mai na'ura suke bukatar juna, ko da yake a garejoji da yawa ba sa ga-maciji.

Wani ciwon ma tun daga masana'anta ya taho. A 2004 Honda ta kira motoci sama da miliyan ɗaya a Amurka, ciki har da Odyssey da Pilot da Accord mai silinda shida, saboda giya ta biyu na yin zafin da zai iya karya haƙoranta. Camry ta 2012 zuwa 2014 ta yi suna da karkarwar kwambata, har Toyota ta sake rubuta manhajar kwamfutarta, ta kuma tsawaita garantin kwambatar. Wanda ya sayi irin waɗannan a hannu na uku a Kano ba wasiƙar da za ta same shi, kuma gyaran da rabinsa manhaja ce ba ya yiwuwa da sifana.

Me ya sa, duk da haka, hukuncin da aka fi ji shi ne a sayo wani giyabos a Ƙofar Ruwa, ko a aiko da shi daga Ladipo? Ba jahilci ne kaɗai ba, lissafi ne. Binciken kirki na cin rabin yini, mai mota kuma ba ya son biyan kuɗin abin da bai ga an kwance ba. Sauke giyabos kuwa aiki ne da ido ke gani, akwai kuɗin aiki, akwai kuma ɗan abin da mai shago zai ba wanda ya kawo ciniki. Al'adar nan ta zamanin Fijo, ta cewa gano ciwo kyauta ne, ita ce ke sa mutum ya ƙi biyan kuɗi kaɗan na bincike ya je ya biya albashin watanni. Sau da yawa ma akan ɗaura sabon giyabos ɗin ba a wanke bututun lagireto ba, dattin tsohon ya kashe shi cikin 'yan makonni. Wasu 'yan haya sun yanke wa kansu wahala, suna mai da motocinsu manuwal ɗungurungum.

Kuskuren ya ƙara tsada a 'yan shekarun nan. An hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu, 2017, aka rufe iyakokin baki ɗaya a Agustan 2019. A 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin fetur, a watan Yuni aka saki naira, dalar da ke wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Giyabos ɗin Beljiyam da dala ake sayo shi. Kulocin kulle da ya daina kamawa kuma, ko bai tsayar da mota ba, yana shan fetur a kowace tafiya tsakanin Ɗambatta da Kano.

Motocin da ke shigowa yanzu sun ƙara nisa da kunne. Camry mai silinda huɗu daga 2010 ba ta da sandar auna man giya. Sai an ɗaga motar daidai, an kai man wajen digiri 40 ana duba zafinsa a na'ura, sannan a buɗe wani noti a ƙasa a ga ko zai ɗiga. Accord mai silinda huɗu daga 2013 da yawancin Corolla daga 2014 sun koma giyar CVT, wadda bel ɗin ƙarfe ne ke gudu tsakanin fuli biyu, babu giya ta ɗaya balle ta biyu. Manta daban ne, kuma jan man da aka saba sayarwa a kwalba a bakin tasha yana sa bel ɗin ya sulɓe ya kankare fulin. Su ma suna da kwambata, suna da kulocin kulle, fitilarsu kuma ita ce dai ta 1996.